Masi Nihali da Tambarin Tsakar Rana

Masu ba da tarihin Kot Bahali sun saba farawa da sunan Sardarni Bishan Kaur, kuma ba su yi laifi ba, domin ita ce ta riƙe ganuwar garin da ƙauyukansa goma sha ɗaya har shekara ashirin da shida bayan rasuwar mijinta. Sai dai wanda ya tsaya ga sunan mai mulki kaɗai, rufin ɗaki ya gani, bai ga ginshiƙan da suka ɗauke shi ba. Cikin ginshiƙan mulkin Bibi, kamar yadda talakawanta suke kiranta, akwai wata mace gajera mai kaurin dantse, wadda ba ta taɓa hawa doki ba, ba ta kuma san baƙi ko ɗaya na rubutu ba. Ainihin sunanta Nihal Kaur, amma daga yaro har mai furfura kowa Masi Nihali yake ce mata, wato ƙanwar uwa, ko da yake ba ta da 'yar'uwa a garin, ba ta kuma bar ɗa a duniya ba.

An haife ta a wani ƙauyen manoma a bakin kogin Satluj, a zamanin da rundunonin Kabul suke ratsa Panjab kusan kowace shekara. Tana 'yar shekara tara ta san yadda ake binne alkama a ƙarƙashin murhu, ta san yadda ake lafewa cikin gonar rake har sai ƙarar kofato ta ɗauke. Da ta girma ta auri wani mahayi daga cikin dakarun Sardar Hakumat Singh, basarake mai Kot Bahali. Shekara huɗu suka yi tare, sai wata rana aka kawo mata dokinsa da garkuwarsa daga wani mashigin kogi, shi kuwa ba a kawo shi ba. Ta shiga langar, ɗakin girkin da ke daura da ƙofar ganuwa, inda ake ciyar da jama'a da sunan Guru, jagoran addininsu, da niyyar ta taya aiki na 'yan kwanaki don ta rage zaman shiru. Kwanakin nan su ne suka zama shekara arba'in da ɗaya.

Ranar da Hakumat Singh ya aza tubalin farko na ganuwa, a ranar ya hura wutar langar, ya kuma kafa ƙa'idar da ba a taɓa karyawa ba. Idan rana ta take tsaka, Ditta makaɗi zai hau soron ƙofa ya buga babban tambari, sannan mai kula da langar ta tsaya a bakin ƙofa ta yi kira sau uku: “Abincin Guru ya nuna, akwai mai jin yunwa?” Sai an gama kiran ake ɗaga gurasar farko daga kwando. Duk wanda kunnensa ya ji tambarin an gayyace shi ke nan, ba a tambayar sunansa, ba a tambayar addininsa. Abin da ake nema gare shi shi ne ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa cikin sahu ɗaya da kowa, ya haɗa tafukansa biyu a sa masa gurasa a ciki.

A kan wannan ta ƙarshe Nihali ta yi suna. Hujjarta, wadda ba a littafi ta karanta ba, ita ce mai miƙa hannu ɗaya gani yake haƙƙinsa yake karɓa, mai haɗa hannu biyu kuwa ya yarda kyauta aka yi masa. Jarumai da yawa sun sha muciyarta a bayan hannu. Shi kansa Hakumat Singh ya taɓa shanta, ranar da ya shagala da magana ya miƙo hannun dama kaɗai, kuma aka ce dariya ya yi ya gyara. Dantsenta duka biyu tabon kaskon ƙarfe ne, sabo a kan tsoho. Ba ta auna gari da mudu. Takan leƙa ƙofa ta dubi hanya, ta dubi sama, ta ce a kwaɓa kaza, kuma da wuya ya kasa.

Lokacin da aka kawo Bishan Kaur amarya, Nihali ce ta koya mata aikin langar. Mahaifin amaryar ba shi da ɗa namiji, don haka ya koya mata sukuwa da riƙon takobi tun tana ƙarama, amma gurasa ta gagare ta. Duk wadda ta murza sai ta fito kamar tafin raƙumi. Nihali takan ɗaga ta sama ta ce, “Bibi, wannan a wace ƙasa ake cinta?” Daga wannan tsokana shaƙuwarsu ta faro.

Bayan shekara goma sha uku zazzaɓi ya ɗauke Hakumat Singh, ya bar Bibi da 'ya mace guda. Ranar da aka taru don naɗa wa magaji rawani, ɗan baffan marigayin, Sardar Wasawa Singh, ya zo da mutanensa ya zauna a gaba, yana jiran a ɗora masa. Sai Bibi ta fito rataye da takobin mijinta, ta ɗauki rawanin ta ajiye a kan shimfiɗar marigayin, ta ce ƙauyukan nan tare da ita aka tsare su, kuma ita za ta ci gaba da tsaronsu. Dattawa suka dubi juna, mafi yawansu suka gyaɗa kai. Wasawa Singh ya tashi ya fita. An buga tambari a daidai lokacin da yake hawa doki, amma bai waiwaya ba. Mutane suna ta maganar takobin Bibi, Nihali kuwa abin da ta lura da shi daban ne. Ta ce wa Ditta, “Wanda ya bar gidan makoki bai ci gishirinsa ba, ya bar wa kansa hanyar dawowa da takobi.”

Shekara guda Bibi ta yi tana gyara abin da ta gada. Ta zagaya ƙauyuka a kan doki, tana sauraron ƙara a gindin bishiya. Ta toshe ɓarakar ganuwa ta gabas, ta sa maƙera suka tayar da tsohuwar igwa da ta daɗe kwance, ta kuma ƙulla amana da masu jiragen fito. Su ne suka kawo mata labari, a watan Sawan, tsakiyar damina, cewa Wasawa Singh yana tafe da mahaya ɗari uku. Dakarunta tamanin ne. Nan take ta sa mutanen ƙauyuka suka shigo ganuwa da hatsinsu da ɓaunayensu, aka bar rumbuna wayam. Ta ƙyale Wasawa ya ƙetare kogi da dawakansa. Kafin amalanken garin alkamarsa su biyo baya, sai ta fita da sassafe da mahaya ashirin, ta ratsa ta cikin rake, ta ƙwace jiragen fiton guda huɗu ta nutsar da su. Kwana biyu bayan haka Satluj ya cika ya batse. Mutanen Wasawa suka sauka a gonar mangwaro, suna hangen buhunan garinsu a ɗaya gaɓar, ba damar taɓawa.

Duk da haka Wasawa ya aiko manzo da mazari da ƙunshin auduga, ya ce a gaya wa Bhabi, wato matar wansa, ta karɓi aikin da ya dace da ita ta aiko da mabuɗan ƙofa. Bibi ta juya mazarin a hannu ta ce, “Ka ce masa na gode. Dama lagwanin da muke kunna bindigoginmu da shi ya yi ƙaranci.”

A ranar ce Nihali ta sauke tukwane, rana ta take tsaka, ta saurara ba ta ji tambari ba. Ta fito da muciya a hannu ta tarar da Ditta zaune a kan matakala, hannu rabbana, kusa da shi kuma Bhai Tehal Singh, shugaban dakaru, ya soke gular tambarin a ɗamararsa.

Ta ce, “Ditta, kurmancin ya kai ga idonka ne? Ba ka ga rana ba?”

Ditta ya nuna Tehal da haɓa ya ce, “Masi, na ga rana, gula ce ban gani ba.”

Tehal Singh ya ce, “Masi, tambarin nan ana jin sa har gonar mangwaro. Me yake faɗa in an buga shi?”

“Shekara ashirin kana amsa kiransa. Tambayi tumbinka, ya fi ni sani.”

Tehal bai yi dariya ba. Ya ce, “Cewa yake kowa ya zo. In muka buga muka ƙi buɗe ƙofa, mun yi ƙarya da sunan Guru. In muka buga muka buɗe, gobe Wasawa ne a kan shimfiɗar Sardar. Abin da ya rage shi ne mu yi shiru. Kwana biyar ko shida yunwa za ta kore su, ba a zubar da jinin kowa ba. Ki faɗa mini inda na kuskure.”

Adalci ya wajabta a faɗa cewa maganar Tehal Singh ba ta da ɓaraka. Mutum ne mai amana, kuma rayukan da ke bayan bangon nan sun kusa dubu. Nihali ta juya ta bar wurin. Ta koma ta raba wa na ciki abinci, domin yara ba su san ƙawanya ba. Amma ita kanta ba ta kai loma baki ba. A ganinta abincin da ba a yi kira a kansa ba na gida ne kawai, ba na Guru ba, kuma ba ta ga da wane ido za ta ci alhali mai yunwa yana inda kiran zai iya kaiwa. Ba ta yi wa kowa shela ba. Ta yi girkinta ta sha ruwa, kwana ɗaya, kwana biyu.

Da hantsin rana ta uku Bibi ta shigo ɗakin girki da sulke a jikinta. Ta sallami matan da ke kwaɓi, ta naɗe hannun riga ta zauna gaban akushin da kanta.

Ta ce, “An ce mini kin yi wa cikinki ƙawanya, Masi. Ta waje ba ta ishe ni ba?”

Nihali ta ci gaba da juya gurasa a kasko. Can ta ce, “Bibi, jiragen da kika nutsar yaƙi ne, ban ce komai ba. Yunwar da suke ji ke kika ƙulla ta, kuma kin iya ƙulli. Amma langar ba naki ba ne, ba na marigayi ba ne, balle na Tehal. Ajiya ce aka ba ni. Jiya na hau soro na hango su suna tsotsar ƙwallon mangwaro. Rabinsu na san iyayensu mata.”

“Sun zo ne su raba ni da gidan mijina.”

“Na sani. Amma ba a ce in tambayi mai yunwa abin da ya kawo shi ba.”

Bibi ta daɗe tana danna ƙulli da dunƙulen hannu. Wata mai mulkin da ta ba da umarni a ɗura wa tsohuwa abinci, ko ta ce a ƙyale ta har ta gaji. Bishan Kaur tambaya ta yi.

“Ƙa'idar Sardar ta ce lallai a cikin ganuwa za a ci?”

Nihali ta ɗago kai. Ta ce, “Ta ce a ƙasa za a zauna. Ƙasa kuwa akwai ta a waje.”

“Da hannu nawa ake karɓar gurasarki?”

“Kin fi kowa sani.”

“To wanda hannunsa biyu suke haɗe, da me zai riƙe bindiga?”

Ran Nihali ya ɓaci. Ta ajiye muciya ta ce, “Ban ce ki mai da abincin Guru tarko ba.”

Bibi ta ce, “Ba tarko ba ne. Duk wanda ya ci zai tashi ya koma inda ya fito lafiya, na ɗauki wannan a wuyana. Amma ni ma an ba ni ajiya, Masi, ga su nan kina jin kukan 'ya'yansu. Ke ki riƙe taki, ni in riƙe tawa, mu gani ko fili ɗaya zai ɗauke su.” Ta ɗaga gurasar da ta murza, ta dube ta, ta ajiye. “Ki sa a ƙara kwaɓi na mutum ɗari uku.”

Nihali ta leƙa ƙofa ta dubi sama yadda ta saba. Ta ce, “Na ɗari huɗu. Mai kwana uku bai ci ba, cikinsa biyu ne.”

Bibi ba ta bar komai ga sa'a ba. Ta sa aka ɗura igwa aka saita ta a kan filin ƙofa. Ta jera masu bindiga arba'in a kan bango ƙarƙashin Tehal Singh, da umarnin kada wanda ya harba sai in sun ga ta faɗi. Babbar ƙofa ta zauna a rufe. Ta ƙaramar da ke jikinta, wadda mutum ɗaya kaɗai ke iya bi a sunkuye, aka fitar da tabarmi da tukwanen dal, wato miyar wake, da kwandunan gurasa da tulunan tsala. Da Tehal ya ga Bibi ta nufi ƙaramar ƙofar, ya sha gabanta.

“Bibi, ke kuma ina za ki?”

“Wa zai raba gurasa?”

“Akwai mata hamsin a ciki.”

“Ba su aka aiko wa mazari ba. Ka ba Ditta gularsa.”

Ruwa ya ɗauke tun safe, ƙasa tana ta tururi. Rana ta take tsaka, Ditta ya buga tambari da ƙarfin da bai taɓa yi ba, kamar mai ramuwar kwana biyu. Nihali ta taka ta wuce tabarmin ƙarshe, inda harsashin gonar mangwaro zai iya kaiwa, ta tsaya.  Ta yi kiran sau uku. Babu wanda ya motsa. Ƙudaje suka fara sauka a bakin tukwane. Ta ji a ranta cewa in babu wanda ya zo, ta fitar da Bibi fili a banza. In kuwa suka zo a kan dawakai, ita ce ta buɗe musu abin da ganuwa ta hana su.

Sai wani tsohon mahayi mai farin gemu ya fito daga cikin itatuwa. Ya jingina bindigarsa a jikin mangwaro, ya tako a hankali, ya tuɓe takalmi a bakin tabarma. Nihali ta gane shi: Bhai Lakha Singh ne, wanda ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da mijinta.

Ya ce, “Masi, har yanzu kina ƙona dal?”

Ta ce, “Har yanzu kana dawowa neman ƙari? Zauna, gemunka ya yi tsawo, cikinka ya manne da baya.”

Ya zauna ya haɗa hannu. Wadda ta sunkuyo ta sa masa gurasa a ciki Bibi ce, takobi a kwiɓinta, kwando a ƙugunta. Tsohon ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Bayansa biyar suka fito, sannan ashirin, sannan aka daina ƙirgawa. Bindigogi suka taru a gindin itatuwa kamar itacen girki, domin duk mabiyin Guru ya san ba a shiga sahu da hannu a cike. Bibi tana bin sahu, wanda ta sani ta kira sunansa, ta tambayi lafiyar uwarsa. Da yawa cikinsu ba su iya haɗa ido da ita ba.

Wasawa Singh ya iso a sukwane, ya ja linzami a bakin tabarmi, ya umarci mutanensa su tashi. Babu wanda ya tashi. Lakha Singh ya haɗiye lomarsa ya ce, “Sardar ji, ba a tashi daga sahu sai an gama. Kai ma ka sani.”

Ya sani. Kuma ya kamata a faɗa masa gaskiyarsa: sauran soyayyen hatsin da ke jakarsa tun shekaranjiya ya raba wa mutanensa, shi bai ci ba. Ya daɗe a kan doki yana duban bango, inda hayaƙin lagwani arba'in ke tashi siriri, yana duban sahu. Tsayawa a kan doki alhali ana cin abincin Guru abin kunya ne, juyawa baya kuma ya bar dakarunsa a tabarmar Bibi ya fi muni. Ya sauka. Wani baransa ya yi sauri ya kwance sirdi ya ajiye masa don ya zauna a kai. Nihali ta zo ta ture sirdin da ƙafa, ba ta ko dube shi ba. Wasawa ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, tsakanin wani mai kiwon dawaki da wani maƙeri.

Bibi ta iso gabansa. Ya miƙo hannun dama, na hagu yana kan ƙotar takobi. Bibi ta riƙe gurasar a sama, ba ta saka ba, ba ta kuma janye ba. Taunar da ake yi a sahu ta tsaya cak. Nihali tana bayan Bibi da tukunyar dal, kuma ta ga abin da kowa ya gani: taku ɗaya ne tsakanin takobin da wuyan Bibi, kuma in Bibi ta faɗi, igwar da ke sama ba za ta bambanta mai ci da mai rabo ba. Bibi ba za ta iya saka gurasar a hannu ɗaya ba, domin in ta yi, ta yarda a gaban mutum ɗari uku cewa haƙƙinsa ya zo karɓa. Shi kuma ba zai iya ɗago na biyun ba, domin ya san abin da hakan yake nufi.

Nihali ta dire tukunya. Ta tako tsakaninsu ta ɗaga muciya ta ɗan buga masa a bayan hannu, daidai yadda ta yi wa ɗaruruwa kafinsa.

Ta ce, “Wasawa, ina ɗayan? Tun kana zuwa gidan nan da majina a hanci na koya maka wannan. Ko ka bar shi a ƙetaren kogi tare da buhunan garinka?”

Wani a ƙarshen sahu ya kasa riƙe dariya, ta kuɓuce masa ta hanci. Ta kama na kusa da shi, ta bi sahu. Fuskar Wasawa ta yi duhu, kuma na ɗan lokaci babu wanda ya san inda abin zai faɗa. Amma ba a zare wa tsohuwa mai muciya takobi, kuma wanda aka tsawata masa a matsayin ɗan gida, ba a ƙasƙanta shi a matsayin abokin gaba ba. Ko Nihali ta auna wannan, ko sabo ne kawai ya ɗaga hannunta, ba ta taɓa faɗa ba. Yatsun Wasawa suka saki ƙotar ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa tafukansa.

Ya ce, “Sa mini, Bhabi.”

Bibi ta sa masa biyu. Ta ce, “Ci, ƙanin miji. Audugarka ta yi kyau, ga ta can tana hayaƙi a kan bango.”

Sai da sahu ya watse, aka kwashe tabarmi, aka rufe ƙaramar ƙofa, sannan Nihali ta zauna a ƙasa ta haɗa nata hannun, Bibi ta sa mata gurasar da ta rage, wadda Bibi da kanta ta murza da safe. Nihali ta juya ta ta ce, “Shekara goma sha huɗu, har yanzu raƙumi.” Sannan ta ci.

Masu son labari ya yi daɗi sukan ce a nan Wasawa ya rungumi ƙafar Bibi ya tuba. Ba haka aka yi ba. Ya tashi ya koma gonar mangwaro, ƙawanya tana nan. Washegari aka buga tambari suka dawo, jibi ma haka. A rana ta uku dattawan rundunarsa suka same shi suka ce ba za su hau bangon wadda gishirinta ke cikinsu ba, in yana so ya hau shi kaɗai. Aka zaɓi dattawa biyar daga ɓangarorin biyu, suka zauna a ɗakin ibada suka yanke cewa ganuwa da ƙauyuka na Bibi ne, makiyayar ƙetaren kogi da aka daɗe ana jayayya a kanta ta koma wa Wasawa. Bibi ta sa aka tsamo jiragenta aka ƙetarar da mutanen Wasawa. Mahaya sittin suka ƙi shiga jirgi, suka ce sun ga inda za su zauna. Lakha Singh ne a gabansu.

Wanda zai yi hukunci a kan wannan rana sai ya riƙe abu biyu tare. Da babu igwa a kan bango da jirage a ƙarƙashin ruwa, da gurasar Nihali ta ciyar da masu ƙwace gari ne kawai. Da kuma tambarin ya ci gaba da shiru, wataƙila yunwa ta kori Wasawa kamar yadda Tehal ya ƙiyasta, amma da mutanensa sun tafi da ƙiyayya, babu mutum sittin da zai tsaya. Bibi ta cancanci yabo domin ta saurari mai girkinta ba ta kuma sauke tsaronta ba. Shaidar haka ta zo bayan shekara uku, lokacin da Wasawa ya dawo da rani, buhunan garinsa a bayan raƙuma, ya sauka nesa inda tambari ba ya kaiwa. Wannan karon Bibi ta fita ta tare shi a fili, tana gaban dakarunta, ta karya shi kafin la'asar, kuma mutum sittin ɗin nan su ne suka riƙe mata hannun dama. Nihali ta bi bayan runduna da amalanken tukwane, ta ciyar da masu rauni na kowane ɓangare. Wanda aka sare wa hannu ɗaya, ta ɗora nata a ƙarƙashin nasa don su cika biyu.

Nihali ta rayu shekara goma sha shida bayan wannan. A ƙarshe idonta ya mutu, aka hana ta kusantar kasko, sai ta koma zama a bakin ƙofar langar da muciyarta a cinya. Kiran tsakar rana dai ba ta bar wa kowa ba. Masu rabo sun ce da kunne take gane gurasar da ta faɗa hannu ɗaya, takan ɗaga kai ta ce, “Wane ne wannan sardar?”

Ta rasu da safe a lokacin girbin alkama. Aka shiga hidimar gawa, wuta ta kusa mutuwa a murhu, babu wanda ya tuna da rana sai Bibi, wadda a lokacin furfura ta cika mata kai. Ta aika a gaya wa makaɗi ya hau soro, ta naɗe hannun riga ta zauna gaban akushi tare da matan gari. Da aka buga tambari ita ta tsaya a bakin ƙofa ta yi kiran sau uku. Gurasar da ta fito daga hannunta a ranar babu ko ɗaya da ta yi da'ira, kuma kowa da hannu biyu ya karɓa.